Kara Ɗaya Kacal: Ɗan Hakin Da Muka Raina

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tsakaninmu, kuma ina ganin lokaci ya yi da za a tanka mata. Maganar ita ce: "Ai ni ba mashayi ba ne, kara ɗaya kawai nake ɗan zuƙa." Da wuya ka sami ɗalibin da zai amsa sunan mashayin taba sigari. A wurinmu mashayi shi ne dattijon nan mai baƙin leɓe da ke ƙarar da kwali guda a wuni. Shi kuwa ɗalibi, kara ɗaya ne bayan ya ci indomi a wurin mai shayi, kara ɗaya kafin ya zauna karatun dare, wani lokaci ma su uku za su raba kara ɗaya a bayan hostal. Daga nan sai a jefa Tom Tom a baki, a fesa turare, a shigo aji kamar ba a yi komai ba.

Ra'ayina shi ne wannan kara ɗayan shi ne tarkon, kuma shekarun da muke ciki yanzu su ne lokacin da fita daga tarkon ta fi sauƙi, ta kuma fi riba. Ba wa'azi zan yi ba, ban isa ba. Shekaruna 22, ina ajin ƙarshe, furojet ma ya ishe ni. Amma tunda makarantar kimiyya da fasaha muke, an koya mana cewa kafin ka yarda da magana sai ka duba alƙaluma. To mu duba.

Me kara ɗaya yake yi wa jiki?

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Akwai kwalta da ke manne wa huhu. Akwai iskar kabon monoksaid, irin wadda ke fita daga salansar janareta, wadda ke shiga jini ta ƙwace gurbin iskar oksijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum sama da miliyan 7 a kowace shekara, kuma tana ajalin kusan rabin masu shanta da ba su daina ba. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu kamuwa da ciwon dajin huhu taba ce sanadi.

Na san abin da wani zai ce: "Wannan ai maganar masu shan kwali-kwali ce." Hankali ma zai ba mutum cewa idan mai shan kara 20 a rana yana cikin hatsari, mai shan kara ɗaya zai ɗauki kashi ɗaya ne cikin 20 na wannan hatsarin. Sai dai zuciya da jijiyoyin jini ba da wannan lissafin suke aiki ba. A shekarar 2018 mujallar likitocin Birtaniya ta wallafa wani nazari da ya tattara sakamakon bincike 141. Abin da aka gano shi ne namijin da ke shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin hatsarin ciwon zuciya da mai shan kara 20 yake ɗauke da shi. Ga mata kuwa kusan kashi ɗaya ne cikin uku. Haka abin yake, da ɗan bambanci, game da shanyewar ɓarin jiki. Dalili kuwa shi ne hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini ya riƙa saurin daskarewa, ya kuma ji wa bangon jijiyoyi rauni. Ka ga ke nan rage yawa daga 20 zuwa ɗaya bai kai mutum tudun mun tsira ba. Hausawa sun riga mu faɗa: ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ɗaya ba ya tsayawa a ɗaya

Matsala ta biyu ita ce nikotin. Daga zuƙa zuwa isarsa ƙwaƙwalwa 'yan daƙiƙu ne, ba su cika wuce 20 ba. Ƙwaƙwalwa ta ji daɗi, ta riƙe darasin, gobe ta nemi a ƙara. Masana sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, shi ya sa nikotin ya fi saurin kama irinmu. A Amurka an gano cewa kusan mutum 9 cikin 10 na manyan da ke shan taba kullum sun fara ne kafin su wuce shekara 18, kuma kusan dukkansu kafin shekara 26. Wani nazarin da masu bincike a Landan suka yi a kan bayanan Birtaniya da Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan ya nuna fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka taɓa gwada kara ɗaya sun koma shan taba kullum, ko da na wani lokaci ne.

Ka tambayi kowane dattijo a tashar mota a Kakuri ko Talbijin da ke tari yana neman daina taba ya kasa. Babu wanda zai ce maka da kwali ya fara. Wani aboki ne ya miƙo masa guntu.

Me ya sa doka ta hana sayar da kara-kara?

Da yawanmu ba mu san cewa sayar da sigari ɗai-ɗai laifi ne a Nijeriya ba. Ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita shan taba a 2005, sannan a watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa. Ƙa'idojin aiwatar da ita sun biyo baya a 2019. Dokar ta ce ba a sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 taba. Ta ce a kwali mai kara 20 za a sayar, ba a ɓalle ba. Ta hana tallar taba. Ta kuma hana shan taba a harabar makarantu da asibitoci da motocin haya da sauran wuraren taruwar jama'a. Wato wanda ya kunna sigari a harabar makarantar nan ya karya dokar ƙasa, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma ka fita bakin titi a Barnawa ko Narayi ko Sabon Tasha ka duba teburin kowane mai tireda. Ga kwali a buɗe kusa da alewa da cingam, ga ashana ko laita a ɗaure da zare don kwastoma ya kunna nan take. Waɗanda suka tsara dokar sun san dalilin da ya sa suka hana wannan. Ɗalibin da ba zai iya fitar da kuɗin kwali ba zai iya fitar da canjin da ya rage masa na Keke Napep. Bayan haka, daga 2021 an fara buga hotunan gargaɗi a jikin kwalayen sigari a ƙasar nan, amma mai sayen kara ɗaya ba ya riƙe kwalin balle ya ga hoton.

Kada mu manta kuma kasuwa ce. Kamfanin British American Tobacco ya buɗe babbar masana'anta a Ibadan a 2003, kuma tun kafin nan maƙwabciyarmu Zariya ta daɗe da masana'antar sigari. A 2007 gwamnatocin jihohin Kano da Legas sun kai kamfanonin taba kotu suna neman diyyar kuɗin jinyar marasa lafiya. Duk sana'ar da ke rasa kwastomominta ta hanyar mutuwa ko dainawa dole ta nemi sababbi, kuma sababbin ba daga cikin 'yan shekara 50 suke fitowa ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 5.6 cikin 100 na manyan Nijeriya ne ke amfani da taba, kusan namiji ɗaya cikin 10. Idan aka kwatanta da ƙasashe da yawa wannan adadi ƙarami ne. Ga mai neman kasuwa kuwa, ma'anarsa akwai miliyoyin matasa da ba a kama ba tukuna.

Shisha fa?

Nan ne 'yan gayu za su ce su ba ruwansu. Sigari ta zama ta 'yan tasha, shisha kuwa wayewa ce: ƙamshin tuffa ko na'ana'a, ga kiɗa, ga hoton da za a ɗora a Instagram. Har 'yan matan da ba za su taɓa riƙe karan sigari ba suna zama a gaban tukunya a wuraren shaƙatawa na Barnawa ranar Asabar da dare. Hujjar kowa ɗaya ce, wai ruwan da ke cikin tukunyar yana tace dafin.

Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, shi ya sa ba ya ƙona maƙogwaro, shi ya sa kuma mutum yake zuƙa mai zurfi ya daɗe yana yi. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na minti 20 zuwa 80, mai shan shisha zai iya shaƙar hayaƙin da yawansa ya kai na karan sigari 100 ko fiye. Ga gawayin da ke ci a saman tukunyar yana ƙara kabon monoksaid. Ga kuma bakin tiyo ɗaya da ke zagaya mutum biyar ko shida. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma shan taba yana kusan ninka hatsarin kamuwa da cutar. A gefen Zariya, a Saye, akwai cibiya ta ƙasa sukutum da aka keɓe don horar da ma'aikatan yaƙi da tarin fuka da kuturta. Cutar tana nan a jiharmu, ba labarin wata ƙasa ba ne.

Uzurorin da muke bayarwa

"Tana taimaka min in yi karatu, tana rage min damuwa." Gaskiya ne mai shan taba yana jin natsuwa idan ya zuƙa. Amma wace damuwa ce ta tafi? Rashin natsuwar da ƙarancin nikotin ya jawo ce. Bayan awa ɗaya ko biyu za ta dawo ta nemi a biya ta. Ka lura da mai shan taba a jarrabawar awa uku. Wajen ƙarshe ƙafa ta fara kaɗawa, hankali ya rabu biyu, rabi a takarda rabi a bakin get. Wanda ke kusa da shi da ba ya sha bai san wannan wahalar ba.

"Kakana ya sha taba har ya shekara 90." Allah ya ji ƙan kaka. Amma ina abokan shansa? Idan aka ce rabi suna mutuwa ta sanadinta, ai dole a sami rabin da suka tsira, kuma su ne kaɗai suke nan da za su ba da labari.

"Hayaƙin janareta da na Keke da ƙurar hunturu ma ai suna kashewa." Haka ne. Duk wanda ya tsallaka gada zuwa cikin gari da safe a watan Janairu ya san abin da huhunmu ke sha. To huhun da ke fama da wannan ne za a ƙara wa kaya? Ƙurar hunturu ba mu da iko a kanta, sigari kuwa da kuɗinmu muke saye.

"Kowa da ajalinsa." Babu musu. Amma har yanzu muna duba hagu da dama kafin mu tsallaka titi. Kuma kafin ajali akwai jinya. Wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin Gwamna Awan ko St. Gerard's a Kakuri ya ga yadda ciwon mutum ɗaya ke cinye kuɗin makarantar ƙannensa. Yankinmu ya san abin da ke faruwa da gida idan mai ciyarwa ya zauna. Tun da masaƙun Kakuri suka rufe, iyaye da yawa da ƙyar suke haɗa kuɗin rajistarmu, suna jiran ranar da za mu karɓi nauyin.

"Jikina ne, ina ruwan wani?" Da kai kaɗai ne a ɗakin, da an ce haka. Cikin mutanen da taba ke kashewa duk shekara, sama da miliyan ɗaya ba sa sha, hayaƙin wasu suke shaƙa. A ɗakin da mutum huɗu ko shida ke kwana, wataƙila ɗaya yana da asma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma shi abokin ɗakin bai zaɓi wannan zaman ba.

Akwai kuma abin da samari ba sa son a ambata. Taba tana lalata jijiyoyin jini, kuma ƙarfin namiji da jijiyoyin jini yake aiki. Likitoci sun tabbatar tana jawo raunin mazakuta, tana kuma rage ingancin maniyyi. Ga mata, tana ƙara hatsarin ɓari da haihuwar jariri maras nauyi.

Ribar dainawa

Ga ɓangaren da ya sa na ɗauki biro. Jiki yana fara gyara kansa tun ranar farko. Bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin minti 20 da zuƙar ƙarshe bugun zuciya da hawan jini suna sauka. Cikin awa 12 kabon monoksaid da ke jini ya koma daidai. Daga mako 2 zuwa 12 gudanar jini ta inganta, huhu ya ƙara ƙarfi. Daga wata 1 zuwa 9 tari da haki suna raguwa. Bayan shekara ɗaya hatsarin ciwon zuciya ya koma kusan rabin na mai sha. Bayan shekara 10 hatsarin ciwon dajin huhu ma ya koma kusan rabi. Bayan shekara 15 hatsarin ciwon zuciya ya zama kamar na wanda bai taɓa sha ba.

Wani likitan Ingila, Richard Doll, da abokan aikinsa sun bi rayuwar dubban likitoci maza na Birtaniya tsawon shekara 50, daga 1951 zuwa 2001. Sun gano cewa masu shan taba suna rasa kusan shekara 10 na rayuwa. Wanda ya daina yana ɗan shekara 60 ya ceto kusan shekara 3, mai 50 ya ceto 6, mai 40 ya ceto 9, wanda kuwa ya daina wajen shekara 30 ya ceto kusan duka goman. Mu da muke 20 da 'yan kai muna da damar da iyayenmu masu sha za su biya ko nawa ne su samu. Kada wani ya ce to bari ya ci gaba har ya kai 30. Kowace shekara da aka ƙara, igiyar nikotin ƙara kauri take yi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga ribar aljihu. Mu ɗauka kara ɗaya naira 50 ne, kowa ya sa farashin da ya sani. Kara biyar a rana naira 250 ke nan, a wata naira 7,500, a shekara naira 91,250. Ɗan ajin ƙarshe ya san me wannan kuɗin zai yi: buga furojet da ɗaure shi, handawut, data, kuɗin mota zuwa wurin koyon aiki. Ga kuma abin da ke gabanmu. Wasunmu za su tafi sansanin bautar ƙasa, inda ake tashi da asuba a yi fareti. Wasu suna da burin shiga soja ko ɗan sanda ko kwastan, kuma duk ana gwajin lafiya da gudu. A filin tantancewa Tom Tom ba ya ɓoye haki.

Ga mai son dainawa

Ka sa rana, cikin mako biyu masu zuwa, ka gaya wa mutum biyu da ka yarda da su. Ka yar da laita da ragowar kwali. Kwanaki ukun farko zuwa mako ɗaya su ne mafi wuya: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci, yawan jin yunwa. Alama ce jiki yana sabawa, kuma yawanci abin yana lafawa cikin mako biyu zuwa huɗu. Sha'awar kanta ba ta wuce 'yan mintuna, idan ta taso ka sha ruwa, ka tauna cingam ko asuwaki, ka tashi ka zaga. Ka gane abin da ke tayar maka da ita. Idan teburin wani mai shayi ne, ka sauya teburi na ɗan lokaci. Idan majalisa ce, ka faɗa musu gaskiya. Abokin kirki ba zai miƙo maka ba bayan ka ce ka daina. Wanda ya iya kame baki daga asuba zuwa magariba a watan Ramadan, ko ya ajiye abin da yake so na kwana 40 kafin Ista, ya riga ya nuna wa kansa cewa zai iya.

Idan ka zame ka sha, ka tashi ka sake. Yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da yawa. Kuma neman taimako ba abin kunya ba ne. Shawarar ma'aikacin lafiya haɗe da magani, irin su cingam ko filastar nikotin, tana iya ninka damar yin nasara. Ka fara da asibitin makaranta ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke nan Barnawa ma yana kula da masu fama da shaye-shaye, kuma shiga can ba ya nufin mutum ya haukace. Wanda kuma tari ya kai masa mako biyu, ya je a gwada shi. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Kira ga ƙungiyarmu

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai abu uku. Na farko, a manna sanarwa a hostal-hostal da wuraren cin abinci cewa doka ta hana shan taba a harabar makaranta, da Hausa da Turanci, domin wanda hayaƙi ya dama ya sami abin nunawa ba tare da rigima ba. Na biyu, a zauna da masu tireda da masu shayi na kusa da mu. Su ma abinci suke nema, kuma mu ne kasuwarsu. A yi musu bayanin dokar cikin mutunci, a roƙe su su daina ɓalle kwali. Na uku, ranar 31 ga Mayu ita ce Ranar Yaƙi da Shan Taba ta Duniya. A gayyato likita ya yi magana da ɗalibai, a kuma buɗe wani ɗan zaure, ko a WhatsApp ne, inda masu ƙoƙarin dainawa za su riƙa ƙarfafa juna ba tare da an yi musu dariya ko an kai sunansu gaba ba.

Mu kuma da ba ma sha, mu daina kallon abokanmu masu sha kamar 'yan iska. Tsangwama ba ta taɓa raba kowa da taba ba, sai dai ta koya masa ɓuya. Idan abokinka ya ce yau kwanansa uku bai sha ba, ka taya shi murna, ka yi haƙuri da fushinsa na makon nan, ka saya masa shayi. Idan kuma ƙaramin ɗalibi sabon shiga ya zauna a majalisarku aka zo miƙa masa guntu, ka riƙe hannun mai miƙawar.

Allah ya ba mu lafiya, ya ba mu sa'ar jarrabawa.